Cuku da Zoɓo a Saman Benen Madam Lin

Guangzhou, Ƙasar Sin
14 ga Yuni, 1999

Zuwa ga Yayata Jumai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam da yara duka. Yaya ƙafar Inna? Ki riƙa tuna mata da man shafawar da na bari, kin san halinta. Ita kuma 'yata Saffana, ta daina kumbure-kumburen tafiyata? Ki ce mata don ita na zo. Mu nan lafiya ƙalau, ni da ƙaninmu Mas'udu, sai dai zafi.

Yaya, ashe ban san zafi ba sai da na zo garin nan. Namu na Kano busar da mutum yake yi. Na nan dafa mutum yake yi. Iskar ma jiƙaƙƙiya ce, kamar ki buɗe tukunyar dambu ki kara fuskarki. Kina fitowa daga wanka, kafin ki ɗaura zani kin sake jiƙewa. Na wanke ɗankwali na shanya a ɗaki, har washegari yana ɗiga.

Masaukinmu wani dogon bene ne a lungu, bayan babban titin da suke kira Huanshi. Mai gidan mace ce, Madam Lin, 'yar gajeruwa, za ta yi sa'arki, ita ma kamar ni mijinta ya rasu. Kowa lawban yake ce mata, wato uwar gida da yarensu. Tana da kirki, amma tana da doka ɗaya da ba ta ɗaga wa kowa: ba a girki a ɗaki. An ce bara wani baƙo ya kunna risho ya kusa tashin benen da gobara. Na tambaye ta kicin, ta ce meyo. Na kwatanta mata risho da hannu, ta ce meyo. Kalmar da na fara koya ke nan, ma'anarta babu. Garin tuwon da kika sa na ɗauro, da kuka da daddawa, ga su nan a ƙarƙashin gado suna kallona ina kallonsu.

Kasuwa kam sai wanda ya gani. Akwai wani layi, Shisanhang, tufafi ne tun daga ƙasa har sama, sai kin yi da gaske za ki ratsa. Na ba da aikin rigunan yara da na mata na shago, sun ce sai an ɗinka, za mu yi fiye da wata muna jira. Na fara tsintar kayan ɗakin Saffana. Na samu wani labule ruwan zuma da zannuwan gado, idan dangin ango suka gani sai sun taɓa da hannu.

Matsalata abinci. Akwai gidan abincin Musulmin ƙasar, masu fararen huluna, ba a shakkar namansu. To amma taliya ce da naman rago cikin romo mai maiƙo, yana tururi. Mas'udu sai ya tashi da kwano biyu yana share gumi. Ni ina ganin tururin nan sai zuciyata ta tashi. Biskit da ruwa na koma, har zobena ya fara juyawa a yatsa.

Shekaranjiya bayan la'asar na sa Mas'udu ya riƙo mini bokiti muka hau can saman bene shanya. Sai muka tarar da wani dattijo zaune a kan tabarma cikin inuwar tankin ruwa, da faranti a gabansa. Ya yi mana sallama da irin Hausar mutanen Nijar. Malam Illa sunansa, daga Maraɗi, tocila da batir yake saye. Ya ce mu matso mu taɓa. Na ce alhamdulillahi mun ƙoshi. Ina rufe baki sai cikina ya yi wata ƙara da har tattabarun gidan suka ji. Mas'udu ya fashe da dariya, na ji kamar in shige tankin.

Dattijon ko murmushi bai yi ba. Ya turo farantin ya ce, "Hajiya, wanga abinci ba shi son wuta, shi ya sa lawban ba ta faɗa da ni."

Kin san mene ne? Cuku. Irin busasshen nan na Buzaye, mai faɗi kamar tafin hannu, da shaidar asabari a jikinsa. Rabona da shi tun muna yara da Baba yake kawo mana daga fatauci. Ya haɗa da dabino, da wani ɗan itace na nan da ake kira laici, ɓawonsa ja mai kaushi, cikinsa fari tas mai ruwa da zaƙi. Ki gutsuri cuku, ki bi shi da laici mai sanyi, ki kurɓi ruwa. Yaya, na ci har na ji kunya. Ranar na yi barcin da ban yi ba tun saukarmu.

Ki gaishe da Inna da kyau, ki gaishe da Malam da duk mutan gida. Zan ba wani mai komawa Kano jibi takardar nan ya kawo miki.

Taki ƙanwa,
Zulaiha


Guangzhou
28 ga Yuni, 1999

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna, ina tambayar lafiyar kowa da kowa. An yi shuka a gonar Malam kuwa? Mu nan ruwa ba ya fashi, amma ba ya rage zafi ko kaɗan.

Kada ki damu da maganar ramata, na ciko. Yanzu kullum idan an yi la'asar muka dawo daga kasuwa, sai mu hau sama mu huɗu: ni, Mas'udu, Malam Illa, da Madam Lin. Lokacin ne wata 'yar iska take tasowa daga wajen kogi. Kowa da abin da zai kawo. Ni gyaɗa da ƙuli-ƙuli, Mas'udu kankana, Madam laici da kokwamba daga firjinta. Babu hura wuta, babu wanke tukunya. Na yi shekara talatin ina tsaye a bakin murhu, ban taɓa sanin ana ƙoshi haka a zaune ba.

Yadda Madam ta shigo cikinmu abin dariya ne. Ta hawo ne ta duba ko girki muke yi a ɓoye. Malam Illa ya miƙa mata cuku, ta shinshina, ta toshe hanci ta ja da baya. Washegari ta rama, ta kawo mana wani ƙwai baƙi ƙirin da suke ci, mu ma muka ja da baya. Aka yi ta dariya, babu mai jin yaren wani. Yanzu ita ce ke fara miƙa hannu.

Da cukun ya fara ja baya, Malam Illa ya je wani babban kanti a titin Huanshi ya sayo irin na Faransawa, fromaj yake ce masa, da dogon burodinsu mai kama da taɓarya. Ɗaya mai laushi ne kamar man shanu, na so shi ƙwarai. Ɗayan kuwa da ya buɗe, Mas'udu ya duba ƙasan takalminsa. Malam Illa ya rantse mana a Yamai manyan mutane ke cinsa. Muka ce to a bar wa manyan.

Bari in ba ki labarin ranar Talata. Madam tana da 'ya da take aiki a wani babban otal. Ita ta gaya mata wai Turawa ba sa cin cuku sai da abin sha na musamman, in babu shi cin bai cika ba. Baiwar Allah sai ta tafi ta sayo, don ta girmama mu. Ta hawo da kwalliyarta, riƙe da kwalba a naɗe cikin jar takarda, da wasu kofunan gilashi sababbi fil masu dogon wuya kamar zalɓe. Ta jera su tana ta fara'a. Ni na ga hoton inabi a jikin kwalbar, na ɗauka lemon inabi ne, har na tura kofina gaba. Malam Illa da yake yana karanta Faransanci ya duƙa ya duba, ya ce a hankali, "Hajiya, giya ce." Mas'udu ya zabura ya miƙe yana a'uzubillahi, har ya ture kankana.

Yaya, da kin ga fuskar matar nan. Ta tsaya da kwalba a hannu, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, idonta ya kawo ruwa. Ba ta san abin da ta yi ba, ta dai ga an guji kyautarta.

Malam Illa ne ya tashi. Ya dafa ƙirji ya rusuna ya ce mata sheshe, wato an gode, ya maimaita har ta ɗago. Ya nuna sama, ya nuna kwalbar, ya nuna bakinsa ya ce meyo. Sannan ya ɗauki kofi ɗaya da hannu biyu, ya ɗaga shi a hasken rana yana juya shi yana jinjina kai, kamar bai taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba. Ya nuna mata cewa wannan kam muna so. Ya juyo gare ni ya ce, "Hajiya, ranar da kinka shanya kayan miyarki na hangi zoɓo. Ki cece mu gobe."

Na ce zoɓo ba wuta? Ya ce a garinsu rana ke dafa shi.

Haka kuwa aka yi. Da sassafe na jiƙa shi a robar ruwa da citta da kanumfari, na rufe na bar shi a rana. Kafin azahar ya yi ja wur. Na tace, na sa sukari, Madam ta jefa a firji. Da yamma na zuba a kofunan nan nata. Ta ɗaga ta duba, launinsa sak na abin da ta sayo. Ta kurɓa, ta zaro ido, ta shanye ta miƙo kofi. Kwalbarta kuwa ta ɗora a kan katanga kusa da tukunyar fure, ba a ko buɗe ta ba, kowa ya manta da ita. In gaya miki gaskiya, cuku da zoɓo mai sanyi sun fi cuku da ruwa nesa ba kusa ba. 'Yar Madam ta yi gaskiya ta wani wajen.

Jiya ma Alhaji Alhasan na layinmu a kasuwa can Kano, mai shadda, ya leƙo neman Mas'udu. Na ce ya zauna ya sha, ya tsaya daga bakin matakala ya ce sauri yake yi. Ko gaisawa sosai ba mu yi ba.

Na san za ki tambaya, to bari in hutar da ke. Malam Illa zai ba hamsin baya. Matarsa ta rasu shekara huɗu da suka wuce, 'ya'yansa duk sun yi aure, bai sake ba. Ba ya ɗaga murya, kuma in yana yanka cuku nasa yankin ne ƙarami. Iyakar abin da na sani ke nan, kada ki ƙara gishiri.

A gaishe da Saffana, a ce mata na samu kwanukan tangaran masu bakin zinariya.

Ƙanwarki,
Zulaiha


Guangzhou
6 ga Yuli, 1999

Yaya Jumai,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ni jikina lafiya, zuciyata ce babu daɗi.

Tun da layi ya yanke mana ranar Lahadi nake zaune a ɗaki. Na tsaya a gaban teburin Madam riƙe da kan waya ina ta halo, halo, ke kin tafi. Na san takardata ta biyu ba ta iso ki ba tukuna, da ba ki yi mini tambayar da kika yi ba. Ban ji haushinki ba. Amma ki ce da ni, "Zulai, ki gaya mini gaskiya tsakaninki da Allah," wannan ya tsaya mini a rai.

Zoɓo ne, Yaya. Zoɓon da ke da kanki kika auno mini a kasuwar Rimi. Alhaji Alhasan ya hango jan abu a kofi, ya hango kwalba a kan katanga, bai tako ya tambaya ba, ya je ya buga wa matarsa waya. Wai ni Zulaiha, matar marigayi Alhaji Abdulgani, ina shan giya da wani Banijare a saman bene a ƙasar Sin. Shekara shida ina riƙe da marayu da shago, ko kallon banza ban bari an yi mini ba.

Da ni kaɗai ce da na bar shi da Allah. Amma kin ce Hajiya Yalwa, gwaggon angon, ta taka har gida ta tambayi Inna, kuma sun ce a dakata da kawo lefe sai na dawo. Me Saffana ta yi musu? Ki rungume mini ita, ki ce uwarta ba ta yi abin kunya ba.

Na daina hawa sama. Na koma biskit ɗina. Mas'udu ya so ya je masaukin Alhaji Alhasan ya ci kwalarsa, na hana shi, don in aka yi dambe a ƙasar mutane wani labarin ne kuma zai tafi gida. Jiya Malam Illa ya aiko shi da cuku a ƙunshe cikin takarda, na ce ya mayar. Da ya fita na zauna na yi kuka, kuma ban san wanne nake yi wa ba, maganar Kano ko mayar da ƙunshin. Bawan Allah bai yi mini komai ba sai alheri.

Ana ta ruwa da iska mai ƙarfi, har an rufe wasu shaguna. Ku sa ni a addu'a.

Zulaiha


Guangzhou
12 ga Yuli, 1999

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa gare ki da Inna da Malam da 'yata Saffana. Na san kafin takardar nan ta zo kin riga kin ji ƙarshen zance daga bakin Hajiya Yalwa, amma ba ki ji yadda aka yi ba, kuma ba zan bari wani ya riga ni ba ki ba.

Ranar Laraba Madam ta buga mini ƙofa, da 'yarta mai jin Turanci a bayanta. Tana so ta san laifin da ta yi mini na daina hawowa. Mas'udu ya warware wa yarinyar, yarinyar ta juya wa uwar. Yaya, ban san ƙaramar mace tana da murya haka ba. Ta yi ta faɗa tana buga ƙafa, har baƙi suka leƙo daga ɗakunansu. 'Yar ta ce uwar cewa take yi ita ta jawo, kuma za ta je ta ja kunnen mutumin har nan.

Ina kallonta sai na ji kunyar kaina. Ga wadda ba addininmu ɗaya ba tana neman yi mini yaƙi, ni kuma na ɓuya a ɗaki kamar mai laifi. Na ce a gaya mata ba sai ta ja kunnen kowa ba, ta dai ara mini firjinta gaba ɗaya ranar Juma'a. Na aika Mas'udu wajen Malam Illa, na ce ya ba shi haƙuri, kuma ina roƙon in an sauko daga masallaci ya gayyato mini duk wani mai jin Hausa a garin nan, kada a bar Alhaji Alhasan.

Hausawan Guangzhou ba su da yawa, tabarma uku ta ɗauke su. Babbansu Alhaji Tankari, wani tsoho Basakkwace da ya riga kowa fara zuwa, ba a tsallake maganarsa. Shi Malam Illa ya fara samu. Da tsohon ya ce kowa ya zo, babu mai zamewa.

Ranar kuwa ruwa ya ɗauke, rana ta fito da fushi. Sun taho daga tsohon masallacin garin a motar haya da babu iska, suka hau matakalar nan har sama, kowa babbar rigarsa ta manne masa a baya. Suka tarar mun shimfiɗa komai a inuwa: ragowar cukun Malam Illa duka, bai rage ko ɗaya ba, da fromaj iri biyu, burodi, dabino, kankana, laici a cikin ƙanƙara. Zoɓo kuwa bokiti guda na yi. Na zuba wa manya a kofunan Madam masu dogon wuya.

Alhaji Alhasan ya zauna can gefe, yana ta kallon kofunan yana kallon mutane. Alhaji Tankari ya yi bismillah ya ɗaga nasa ya shanye a tashi ɗaya. Ya sauke numfashi ya ce, "Kai! Hajiya, citta ta ji. Ƙaro mini."

Na ƙara masa. Sannan na cika wani kofin, na taka har gaban Alhaji Alhasan na durƙusa na ajiye. Na ce, "Alhaji, ga naka. Shi ne wanda ka gani ranar nan ka ce sauri kake yi. Yau ka ɗanɗana, don in za ka ba da labari ka ba da shi daidai."

Sai ga Madam ta sauko da kwalbar daga kan katanga, duk ta yi ƙura da kashin tattabaru, ta dangwarar a gabansa. Ta riƙa ƙwanƙwasa murfin da farce tana nuna masa ko ɓare shi ba a yi ba, tana cewa meyo, meyo.

Ya ɗauki kofin, ya kurɓa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Hajiya, daga nesa na hango."

Alhaji Tankari ya ce, "Daga nesa ka hango, ka kuma aika da shi nesa. To tashi ka bi abinka ka dawo da shi. Yanzu hantsi ne a Kano, kowa yana gida."

Madam ba ta ji Hausa ba amma ta gane. Ta kama hannun rigarsa ta yi ƙasa da shi wajen waya, Mas'udu da mutum biyu suka bi su shaida. Ya kira matarsa, sannan ya kira gidan su angon ya nemi Hajiya Yalwa. Mas'udu ya ce yana magana yana share gumi da hula, Madam tana tsaye a kansa riƙe da ƙugu.

Da ya dawo ya tsuguna ya nemi gafara a gaban kowa. Na so in ja masa rai, amma da na ga furfurarsa sai na kasa. Na ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Don ya nuna ya huce da kowa, sai ya miƙa hannu ya yanki ƙaton yanki na fromaj ɗin nan mai wari, bai san halinsa ba, ya jefa a baki. Idonsa ya yi ja, ya rasa tofarwa ya rasa haɗiyewa. Malam Illa ya ce masa cikin natsuwa, "Sannu Alhaji, na manyan mutane ne." Har Alhaji Tankari sai da ya kwanta a tabarma don dariya.

Ba a tashi ba sai da aka kira magariba, aka yi jam'i nan saman benen, Madam tana zaune a matakala tana tsare mana takalma. Bokitin nan ko ɗigo bai rage ba.

Ki rubuto mini ranar da suka sa ta kawo lefe. Ki gaishe da Inna, ki ce ta kwantar da hankalinta.

Taki har kullum,
Zulaiha


Guangzhou
24 ga Yuli, 1999

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku. Saƙonki ya iso, na yi hamdala da jin an kawo lefe kuma Hajiya Yalwa da kanta ta jagoranci mata. Allah ya sa albarka.

An gama ɗinki, an loda kayanmu jiya. In Allah ya yarda farkon wata muna gida. Wannan takardar za ta riga ni da kwanaki kaɗan, kuma da gangan na yi haka, don akwai maganar da ba zan iya faɗa ina kallon idonki ba. Ki karanta ke kaɗai.

Ranar Talata Malam Illa ya ja Mas'udu gefe suka daɗe. Yaron nan ya dawo yana ta washe baki, na tambaye shi ya ce babu komai. Da yamma muka hau sama kamar kullum. Ba a jima ba Mas'udu ya tashi wai zai duba tankin ruwa, ya koma can ƙarshen bene ya tsaya yana kallon motoci. Madam ma ta matsa wajen furanninta tana tsinke ganyen da bai bushe ba.

Malam Illa ya daɗe yana murza hularsa. Sannan ya ce, "Hajiya, shekara huɗu ina cin abinci ni ɗai, ban taɓa jin komi ba. Kwanakin da kinka ƙi hawowa, ko dabino ya ƙi wucewa. Na girmi zagaye-zagaye. In kin yarda, ina son in taho Kano in gaida manya."

Yaya, ni da na yi jika, sai ga ni ina wasa da bakin mayafi kamar 'yar sha shida. Na ce ina da shago, ba zan bar shi ba. Ya ce bai ce in bari ba, Maraɗi da Kano tafiyar yini ma ba ta kai ba, shi zai riƙa bin hanya. Na ce sai an gama bikin yarinya. Ya ce ko na jikanya ne zai jira, amma in tausaya masa. Na rasa sauran abin da zan kawo, sai na ce ni ba ni da ta cewa, akwai Baffa a gida.

Ban san me Madam ta gani a fuskata ba. Ta yar da ganyen hannunta ta yi ta tafi, ta rungume ni tana wani surutu da yarensu. Mas'udu ya juyo daga inda yake ya ɗaga hannu sama kamar an ci ƙwallo. Na ce duk Allah ya shirye su.

Zai tsaya ya ga an loda nasa kayan, sannan ya biyo ta Kano kafin ya wuce gida, wansa kuma zai taho daga Maraɗi ya same shi a can. To ga aikinki. Ki je wajen Baffa kafin in iso, ki share hanya. Ki gaya masa mutumin kirki ne, Mas'udu zai ba da shaida, Alhaji Tankari ma ya ce a kira shi. Ki fara gaya wa Inna, amma ki zaunar da ita tukuna.

Idan Baffa ya tambaye ki ko ina so, kada ki ce daga bakina kika ji. Ki ce masa dai kin ga alama.

Ki gaishe da kowa da kowa. Sai na zo.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Zulaiha